Tafki Ɗaya, Tutoci Huɗu: Tarihin Rundunar Haɗin Gwiwa ta Tafkin Chadi

Da asubahin ranar Asabar, 3 ga Janairun 2015, mayaƙan Boko Haram suka far wa sansanin soja da ke bakin garin Baga a jihar Borno. Wannan sansani shi ne hedikwatar rundunar haɗin gwiwa da Najeriya da Chadi da Nijar suka kafa domin tsaron yankin Tafkin Chadi. Sai dai a ranar da aka kawo harin sojojin Najeriya kaɗai ke ciki, domin maƙwabtan biyu sun riga sun janye nasu. Bayan an ɗauki sa'o'i ana ba-ta-kashi, sansanin ya faɗa hannun maharan. Daga nan suka bazu cikin Baga da Doron Baga da ƙauyukan kewaye, suka kwashe kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. Masu rabon tsira suka faɗa kwale-kwale, dubbai suka tsallaka ɓangaren Chadi. An yi saɓani kan yawan waɗanda suka rasu: hukumomin soja sun ce 150, wasu mutanen yankin suka ce sun kai 2,000. Hotunan tauraron ɗan'adam da ƙungiyar Amnesty International ta fitar kuwa sun nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata.

Faɗuwar Baga ce ta tilasta wa ƙasashen tafkin yin abin da suka daɗe suna alkawartawa a zaurukan taro. Wanda ya bi tarihin rundunar zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: duk lokacin da ƙasashen suka haɗa kai da gaske sai mayaƙan su ja da baya, duk lokacin da kowa ya koma harkar gabansa sai su dawo. Mayaƙan sun daɗe da ɗaukar tafkin a matsayin ƙasa ɗaya. Gwamnatoci ne ke kallonsa a matsayin gefen ƙasashe huɗu.

Yadda aka raba abin da yake ɗaya

Ƙarnuka da dama yankin yana ƙarƙashin inuwar daular Kanem-Borno. Barebari da Buduma mazauna tsibirai, da Larabawan Shuwa, da Kotoko, da Fulani makiyaya, sun saba kai da kawowa ba tare da wani ya tambaye su takarda ba. Bayan da Faransawa suka kashe Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi, a Kusuri a 1900, Turawan Ingila da na Faransa da na Jamus suka yanka yankin a tsakaninsu. Iyakokin da suka ja su ne Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka gada a 1960, amma dangi da aure da kasuwa ba su bi layin taswira ba. Masunta da 'yan kasuwa Hausawa sun ci gaba da kwarara zuwa bakin ruwa. Bandar Baga tana isa kasuwannin kudancin Najeriya, tattasan da ake nomawa a gaɓar Komadugu Yobe yana ƙetarowa daga Difa, naira kuma tana ci a kasuwannin tsallaken iyaka.

Shugabannin farko sun fahimci haka. A ranar 22 ga Mayun 1964, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da Ahmadu Ahijo da François Tombalbaye suka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a Fort-Lamy, garin da yau ake kira Njamena. Aikinta shi ne kula da ruwa da rabon amfaninsa cikin lumana. A lokacin faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye ruwan har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Ƙasa mai albarka ta fito inda a da ruwa ne, sababbin tsibirai suka bayyana, jama'a suka bi ruwa duk inda ya koma, ba tare da sanin cewa sun shiga wata ƙasa ba.

Nan rashin yarda ya samo asali. A 1983, zamanin Shehu Shagari, sojojin Chadi da na Najeriya suka gwabza a kan wasu tsibirai, kuma Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku da ke Jos, shi ya jagoranci korar 'yan Chadi. Da Kamaru ma an yi ta jayayya a kan Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002, a shari'ar da ta haɗa da Bakassi, Najeriya ta miƙa ƙauyukan a ƙarshen 2003. Sojojin da daga baya aka buƙaci su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa sun taso ne suna yi wa juna kallon abokan hamayya.

Ita kanta rundunar ba don ta'addanci aka ƙirƙire ta ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa ta a 1994, da sojojin Najeriya zalla, domin maganin 'yan fashi da masu safarar makamai da yaƙe-yaƙen Chadi suka watso. A 1998 Chadi da Nijar suka shigo, aka ajiye hedikwata a Baga. Kamaru ba ta shiga ba. Sai a watan Afrilun 2012 aka ƙara mata aikin yaƙi da ta'addanci.

Wutar da aka ɗauka ta gidan wani ce

Lokacin da aka kashe shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009, maƙwabta sun ɗauki lamarin a matsayin rikicin cikin gidan Najeriya. Najeriya ma haka ta so a ɗauke shi, domin ƙasar da ta kai sojojin sulhu Laberiya da Saliyo ba ta ga dalilin neman agajin ƙanana ba. Amma almajiran Yusuf da suka tsira sun sami mafaka a tsallaken iyaka, kuma a cikinsu akwai 'yan Nijar da Chadi da Kamaru. Da Abubakar Shekau ya sake tara su, suka kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a ranar 26 ga Agustan 2011. A Fabrairun 2013 suka sace wasu iyalin Faransawa su bakwai a arewacin Kamaru. Da dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 da matasan sa-kai suka fatattake su daga Maiduguri, sai suka koma dajin Sambisa da duwatsun Mandara da tsibiran tafki, wuraren da taku kaɗan ke fitar da mutum daga ƙasa zuwa ƙasa. Abuja ta riƙa zargin Yawunde da kau da kai, Yawunde kuma ta ƙi yarda sojan Najeriya ya biyo maharan cikin ƙasarta.

Sace 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilun 2014 ya jawo hankalin duniya. Abin takaici, ba a Abuja ko Njamena shugabannin yankin suka fara zama a kan lamarin ba, a Paris ne, a ranar 17 ga Mayu, bisa gayyatar shugaban Faransa François Hollande. Goodluck Jonathan na Najeriya da Paul Biya na Kamaru da Idriss Déby na Chadi da Mahamadou Issoufou na Nijar da Boni Yayi na Benin suka yi alkawarin musayar bayanan sirri da sintiri tare. Alkawarin bai hana komai ba. A watan Yuli aka kai hari Kolofata aka sace matar mataimakin firaministan Kamaru, Amadou Ali. A Agusta Shekau ya ayyana daularsa a Gwoza. Gamborun Ngala da Dikwa da Bama suka faɗi, sannan Mubi ta bi baya a Oktoba. A wannan watan aka sanar da tsagaita wuta da aka ce an cimma ta hannun Chadi, Shekau ya fito ya ƙaryata, zargi ya ƙaru tsakanin Najeriya da Chadi. Da Amurka ma dangantaka ta yi tsami, bayan da ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu saboda zargin take haƙƙin ɗan'adam. A haka aka kai ga Baga.

Watanni uku na 2015

Chadi ce ta fara motsawa, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Ƙasa ce da ba ta da bakin teku. Kayanta suna shigowa ne ta hanyar Duwala zuwa Kusuri da ta Maiduguri zuwa Gamboru, shanunta kuma kasuwannin Najeriya suke nufa. Mayaƙan sun toshe hanya ɗaya, suna barazana ga ɗayar. A tsakiyar Janairu majalisar dokokin Chadi ta amince, ayarin motocin yaƙi suka tsallaka zuwa Kamaru. A ranar 29 ga watan, Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka ya amince da runduna mai dakaru 7,500, adadin da ƙwararru suka ɗaga zuwa 8,700 a taron Yawunde a farkon Fabrairu.

Kafin takardu su kammala, yaƙi ya riga ya yi nisa. A ranar 3 ga Fabrairu sojojin Chadi suka tsallake gada daga Fotokol suka ƙwace Gamboru. Washegari mayaƙan suka rama a kan mutanen Fotokol, suka kashe da dama har a cikin masallaci. A ranar 6 ga watan suka kai hari Bosso da Difa, majalisar Nijar ta amince a tura sojoji cikin Najeriya. A watan Maris Dikwa ta dawo, sojojin Chadi da Nijar suka karɓe Damasak, sannan Malam Fatori. A ɓangarenta, Najeriya ta ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, ta kawo sababbin makamai da ƙwararrun haya daga Afirka ta Kudu, ta ƙwato Baga da Bama, ta shiga Gwoza ana gobe zaɓe. Cikin makonni kaɗan daular Shekau ta rushe, domin a karon farko ya rasa iyakar da zai fake a bayanta. Ana tsakiyar wannan matsi ne ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS a farkon Maris.

Amma ko a lokacin nasara ɓarakar tana nan. Déby ya fito fili yana kukan cewa sojojinsa suna ƙwato garuruwan Najeriya ba sa samun wanda za su miƙa wa, kuma babu cikakkiyar tuntuɓa tsakanin dakarun biyu a fagen daga. A Abuja kuwa ana jin zafin yadda Chadi ke tallata kanta a matsayin mai ceto. Da baƙin sojojin suka bar Damasak, mayaƙan suka koma, sai a tsakiyar 2016 aka sake karɓe ta.

Ginin rundunar da inda ya raunana

Buhari, wanda ya yaƙi Chadi a 1983, ya karɓi mulki a ranar 29 ga Mayun 2015, kuma tafiyarsa ta farko zuwa Yamai da Njamena ce. A taron Abuja na 11 ga Yuni aka daidaita: hedikwata a Njamena, kwamanda daga Najeriya, wadda ta yi alkawarin dala miliyan 100. Manjo Janar Tukur Yusuf Buratai ne ya fara riƙe muƙamin, kafin a naɗa shi babban hafsan sojan ƙasa a watan Yuli. Aka raba filin zuwa shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, Baga a Najeriya, wadda daga baya aka mayar Monguno, da Difa a Nijar. Benin ta ba da ƙaramar tawaga da ba ta shiga fagen fama. Kwana huɗu bayan taron, 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu a Njamena.

A wannan tsari sojan kowace ƙasa yana zaune ne a ƙasarsa, gwamnatinsa ke biyansa, ita kuma yake saurara. Kwamandan da ke Njamena yana tsarawa ya roƙa fiye da yadda yake ba da umarni. Ana iya bin maƙiyi a tsallake iyaka, amma da sharuɗɗa. Hafsoshin Najeriya sun yi karatu da Turanci, takwarorinsu da Faransanci, kayan sadarwarsu sun bambanta, kuma kowa yana rowar bayanan sirrinsa. Kuɗi ma ya zama matsala. Tarayyar Turai ta ware yuro miliyan 50 a 2016, amma da yake sai sun bi ta ofisoshin Tarayyar Afirka a Adis Ababa, an daɗe ana jiran motoci da na'urorin da aka yi alkawari. Amurka ta ajiye sojoji kusan 300 da jirage marasa matuƙi a Garwa a Oktoban 2015, a lokacin Faransa na da hedikwatar rundunarta ta Barkhane a Njamena, Birtaniya na ba da horo. Taimakonsu ya yi amfani wajen leƙen asiri, amma jinin da ya zuba na 'ya'yan yankin ne.

Duk da haka an yi aiki. A Fabrairun 2016 sojojin Kamaru suka shiga Ngoshe da Kumshe a cikin Borno da yardar Najeriya, abin da shekara biyu kafin nan ba ya ko tunanuwa. Bayan mummunan harin Bosso na Yunin 2016, Chadi ta kai wa Nijar ɗauki aka ƙaddamar da farmakin Gama Aiki. Rawan Kada ya biyo baya a 2017, Amni Fakat a 2018, 'Yancin Tafki a 2019. Kowanne ya tarwatsa sansanoni ya kuɓutar da mutane. Amma da farmaki ya ƙare sai dakaru su koma bariki, tsibiran su zauna babu alƙali, babu malamin asibiti, babu ɗan sanda.

Wannan giɓi ne ɓangaren ISWAP ya shiga. A Agustan 2016 IS ta naɗa Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, a maimakon Shekau, Boko Haram ta dare biyu. Sabon ɓangaren, wato ISWAP, ya kafu a tsibirai, ya rage kashe talakawa Musulmi barkatai, ya mai da hankali kan barikoki, yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya yana ba su izinin sana'a. Gwamnatoci kuwa, domin toshe wa mayaƙan hanyar kuɗi, sun hana cinikin kifi da tattasai da hawan babur a wurare da dama. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilun 2015, inda sojojin Nijar 46 suka rasu, an umarci mazauna tsibiran ɓangaren Nijar su tashi cikin 'yan kwanaki, dubbai suka taka a ƙasa cikin zafin bazara. A Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutane fiye da 100 suka mutu. A Kamaru an ɗaure sojoji a 2020 saboda harbe mata biyu da 'ya'yansu. Kowane irin wannan lamari yana nisanta talaka daga sojan da ya zo kare shi. A ƙarshen 2018 ISWAP ta afka wa sansanin Metele, ta sake kama Baga.

Ƙasashen sun gane cewa bindiga kaɗai ba za ta wadatar ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2349 a Maris 2017, gwamnonin yankin suka fara taronsu a Maiduguri a Mayun 2018, a Agusta kuma aka amince da shirin farfaɗo da jihohi da larduna takwas da yaƙin ya ɗaiɗaita. An buɗe cibiyoyin karɓar masu tuba a Malam Sidi ta jihar Gombe da Gudumariya ta Nijar. An sake gina wasu garuruwa, kasuwanci ya fara dawowa tsakanin Banki da Amchide.

Daga Bohoma zuwa ficewar Nijar

A ranar 23 ga Maris 2020 mayaƙa suka mamaye sansanin Bohoma suka kashe sojojin Chadi kusan 100. Déby ya tafi bakin tafki da kansa ya jagoranci farmakin ramuwa, sannan ya ce Chadi ita kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin. Bayan shekara guda, a Afrilun 2021, ya rasu a fagen daga a yaƙi da 'yan tawayen ƙasarsa. Wata ɗaya bayan haka Shekau ya mutu a Sambisa lokacin da ISWAP ta ritsa shi, dubban mayaƙa da iyalansu suka fito suka miƙa wuya. Dama ce babba, kuma rundunar ta yi amfani da ita a farmakin da ta kai cikin tsibirai a 2022.

Siyasa ce ta katse hanzarin. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya sa ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin shugaban Najeriya Bola Tinubu, ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Sojojin da jiya suke sintiri tare a gaɓar Komadugu suka wayi gari gwamnatocinsu na maganar yaƙar juna. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 domin ɗinke ɓarakar, amma a Disamba shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, a wata hira da ya yi da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, zargin da Abuja ta musanta. Kafin nan, bayan kisan sojojin Chadi kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024, Mahamat Déby, ɗan Idriss Déby da ya gaje shi, ya yi barazanar janye ƙasarsa. A ƙarshen Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa, tana cewa za ta mai da hankali kan tsaron rijiyoyin man fetur ɗinta. A cikin watan aka kashe sojojin Kamaru a Wulgo, a Afrilu kuma Gwamna Babagana Zulum ya yi gargaɗin cewa Borno na komawa baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabashin Najeriya kaɗai, mafi yawansu ƙananan yara da yunwa da cuta suka kashe. Wannan adadi ya isa ya sa kowane shugaba ya haɗiye fushinsa. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen G5 Sahel ta watse, sojojin Faransa da na Amurka sun bar Nijar, Faransa ta bar Chadi. Rundunar Tafkin Chadi, da dukan rauninta, ita ce ta fi daɗewa, domin ƙasashen da abin ya shafa su suka gina ta. Abin da take buƙata sananne ne: kuɗin da ƙasashen za su riƙa zubawa daga aljihunsu a kan kari, bayanan sirri da ba a ɓoye wa juna, hukunta sojan da ya zalunci farar hula, da gwamnatin da za ta bi bayan soja da kotu da asibiti da kasuwa. Sama da duka, Abuja da Yamai su raba tsaron iyaka da rigimar siyasarsu. Suna iya saɓawa a kan ECOWAS da Faransa da tsarin mulki, amma manomin Bosso da masuncin Malam Fatori maƙiyinsu ɗaya ne, kuma babu ƙasar da za ta iya kare ɗayansu ba tare da ɗayar ba.